An kai su bita kan aiki da hujja, sun dawo yadda suka tafi. Ta ina zan fara?

Sista Mai Zagaye ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan jinya. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, na ce bari in kawo shi gabanku ko wani ya taɓa cin karo da irinsa.

Aikina shi ne zagayen duba ƙananan asibitoci, irin waɗanda nas ɗaya ko biyu ke riƙe da komai: awo, rigakafi, awon jini, karɓar haihuwa idan ta zo da dare, da fita gida-gida. Kwanakin baya aka ce a zaɓi ma'aikata su je taron bita kan yin aiki bisa hujjar bincike. Na zaɓi waɗanda nake ganin kansu na ja. Suka je, suka dawo da takardar shaida da jaka da biro. Da na tambayi ɗaya me aka koya musu, sai ta ja wani tsohon katin awo ta zana mini dala a bayansa: ra'ayin masana a ƙasa, gwaji a tsakiya, bitar da ta tattaro gwaje-gwaje a can sama. Ta haddace tsaf, ba gargada. A ranar kuma, ina zaune a gefenta, ta ɗaura wa wata mata mai jiki ƙaramin maɗaurin awon jini a kan hannun riga. Matar shigowarta ke nan daga rana, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana ta ba ta labarin ciwon bayanta har aka gama awon. Ta rubuta lambar da ta gani, ta fara yi mata maganar hawan jini. Ban ce jinin matar lafiya yake ba, amma awon da aka yi a haka ba abin da za a ɗora magani a kansa ba ne.

A wani asibitin kuma, ƙaramar nas da babbarta sun kusa ɓatawa a kan cibiyar jariri. Ƙaramar ta ce an koya musu a shafa kuloheksidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, har kwana bakwai. Babbar ta ce ita ta ga takardar Hukumar Lafiya ta Duniya da ke cewa a bar cibiya a bushe cikin tsabta. Kowace da takarda a hannu, kowace takarda da tambari. Ba wadda ta duba shekarar da aka buga tata. Maganar ta ƙare da "haka muka tarar ana yi", kuma kun san da wannan ake rufe yawancin gardamarmu.

Halin da ake ciki ba sai na faɗa ba. Layi tun safe, babu kwamfuta, intanet sai a waya kuma sai an fita waje neman sabis, Turancin takardun bincike ba irin wanda muka yi a makaranta ba ne. Ba ni da kuɗin shirya wani taron, kuma ko da akwai, ban ga alamar shi ne maganin ba.

To idan ana so nas ta iya tsayawa ta ce "me ya sa muke yin haka, wa ya gwada, kuma ya dace da mutanen da ke gabana?", me ake fara koya mata? Sannan yaya ake yi da manya da suka shekara ashirin a kan abu ɗaya, ba tare da an ci musu fuska a gaban yara ba?

Malamin Jinya ya amsa:

Wa alaikumus salam Sista. Allah ya ba da ladan wannan zagaye. Ni koyarwa nake yi a makarantar jinya, don haka na san dalar nan sarai, kowace shekara sai ta fito a jarrabawa. Tana da amfaninta, amma ba da ita ake farawa ba.

Waɗanda suka yaɗa wannan tsarin daga Jami'ar McMaster ta Kanada, a farkon shekarun 1990, ba su taɓa cewa takarda kaɗai ta isa ba. A bayanin da David Sackett da abokan aikinsa suka buga a 1996, sun ce a haɗa abin da bincike ya nuna da gwanintar ma'aikaci, a kuma duba halin majinyaci da zaɓinsa. A taron bita, ɓangaren binciken kawai ake yawan koyarwa. Shi ya sa babbar nas take jin an zo ne a ce mata shekarun aikinta banza ne, sai ta toshe kunne, kuma ban ga laifinta ba.

Ni abin da nake fara koyarwa shi ne iya tambaya. "Me ya fi kyau ga cibiya?" ba tambayar da za a iya nemo wa amsa ba ce. Sai an raba ta gida huɗu, abin da ake kira PICO: su waye majinyatan, me ake so a yi musu, da me za a kwatanta shi, kuma wane sakamako ake nema. Ki sa yaranki su gwada da gardamarsu. Jariran da aka haifa a gida, a shafa musu kuloheksidin a cibiya, a kwatanta da barin ta a bushe, shin yana rage cutar cibiya ko mutuwa a watan farko? Da zarar nas ta rubuta "a gida" da hannunta, za ta tsaya ta ce to waɗanda aka haifa a asibiti fa? Amsar rikicin nasu a daidai wannan wurin take.

Ga yadda abin ya kasance. An yi manyan gwaje-gwaje a ƙauyukan Nepal aka buga a 2006, sai na Bangladesh da Pakistan a 2012, wuraren da yawancin haihuwa a gida ake yi kuma mutuwar jarirai ta yi yawa. Gwaje-gwajen sun nuna shafa maganin na rage cutar cibiya da mutuwa. A kan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2013 cewa a riƙa shafawa kullum a makon farko ga jariran da aka haifa a gida, a inda jarirai 30 ko fiye ke mutuwa cikin kowane 1,000 a watan farko. Wanda aka haifa a asibiti kuwa, a bar tasa a bushe cikin tsabta. Sai a 2016 aka buga wasu manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Zambiya, ɗaya a tsibirin Pemba na Tanzaniya, kuma ba su ga raguwar mutuwa ba. A can haihuwa a asibiti ta fi ta waɗancan ƙauyukan yawa, mutuwar jarirai ma tun asali ba ta kai tasu ba. A jagorar kula da mai jego da jariri ta 2022, Hukumar ta ce a bar cibiya a bushe cikin tsabta, a shafa maganin kawai a inda ake da yiwuwar a sa wa cibiyar abu mai cutarwa irin kashin dabba.

Kin ga ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Abin da bai zo musu ba shi ne su tambayi takardar: yaushe aka rubuta ki, kuma don wa? Bayan haka sai a koma ga ƙa'idar ma'aikatar lafiya ta ƙasar da ake aiki, don ita ce ke ɗaure ma'aikaci, kuma ƙasa na iya ci gaba da shafawa saboda halin da jariranta ke ciki. Wani abin da ya kamata su biyun su sani, ko da wace takarda suke riƙe: a 2019 Hukumar ta fitar da gargaɗi saboda an samu yaran da idanunsu suka lalace bayan an ɗiga musu wannan magani a ido, an ɗauka maganin ido ne. Duk nas ɗin da ta miƙa wa uwa kwalbar ba ta ce mata "wannan na cibiya ne kaɗai, kada ya taɓa ido" ba, aikinta bai cika ba.

Maganar inda za su duba kuma, kada ki tura su PubMed, rumbun takardun binciken lafiya na intanet, tun farko. Kyauta ne, amma za su rubuta kalma biyu ya zubo musu takardu dubbai, su rufe wayar ba su sake buɗewa ba. Su fara da jagorar ƙasa, sai ta Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda ana sauke su a waya sau ɗaya a riƙa karantawa ko ba sabis. Idan ba su gamsu ba, sai Cochrane, ƙungiyar da aka kafa a 1993 don tattaro gwaje-gwaje a tace su. Bitarsu na zuwa da taƙaitawa cikin sauƙin harshe, ba ta da tsawo, kuma ba a biya kafin a karanta ta. Ki nuna musu abu biyu da za su riƙa nema a jagora. Ana rubuta ko shawarar mai ƙarfi ce ko mai sharaɗi, ana kuma rubuta ƙarfin hujjar da ke bayanta a mataki huɗu, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni ƙwarai. Nas ɗin da ta saba duba waɗannan biyun ta fi wadda ta haddace dala nisa. Mai son cikakkiyar takarda kuma, akwai Hinari da Hukumar ta buɗe a 2002 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma makaranta ko asibiti ne ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba. Ki tambayi ɗakin karatu na makarantar jinya mafi kusa da ke.

Nas a Bakin Layi ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara girma, bayani ya fito. Amma bari mu da muke kan benci mu ma mu ce wani abu.

Anti, kin ce yarinyar ta ɗaura ƙaramin maɗauri. Kin tambaye ta ko akwai babba a asibitin? Inda nake guda ɗaya ne tak, da shi nake auna siririya da mai jiki, kuma na san sarai ƙaramin maɗauri a kan babban hannu yana ɗaga lamba. Na san majinyaci ya zauna minti biyar, bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu daidai ƙirji, ba magana. Tun a aji biyu muka yi wannan. Ki ninka minti biyar ɗin da yawan matan da ke zaune ranar awo, ki ga ko zan tashi kafin magariba. Ba rashin sani ne ke damun yawancinmu ba.

Ga wani. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Na yarda. Uwa ta zo da yaro jiki zafi, na gwada, layi ɗaya ya fito. Na ce mata ba maleriya ba ce. Ta kalle ni kamar na zage ta, ta ce ita allura ta zo a yi masa. Idan na ƙi, ta fita ta je inda za a yi masa ba tambaya, gobe kuma ta gaya wa maƙwabta cewa nas ɗin nan ba ta san aiki ba. Wani makon ma abin gwajin ne ke ƙarewa. A wace taƙaitawar Cochrane zan karanta abin da zan yi a ranar?

Kuma maganar iko. A ce na karanta, na gamsu, na canza yadda ake yin wani abu, sai aka samu matsala. Wa za a ba takardar tuhuma? Ba Cochrane ba, ni ce. Su kansu masu jagorar, a da sun ce awo huɗu ya isa, a 2016 suka ce takwas. Ban ce ba su da dalili ba, amma ba a ƙaro mana ko mutum ɗaya ba. Don haka idan za a koya mana aiki da hujja, a fara koya wa masu sayen kaya da masu tsara aiki.

Tsohuwar Ungozoma ta amsa:

'Yata ta bakin layi, maganarki gaskiya ce, kuma na ji daɗi da kika faɗe ta ba kwana-kwana. Wuri ɗaya kawai zan ja da ke. Kin ce ba rashin sani ba ne. Ni a ganina akwai sanin da muke rasa, amma ba na littafi ba ne, sanin abin da mu kanmu muke yi ne. Kowa a cikinmu idan aka tambaye ta za ta rantse tana bin ƙa'ida. Rajista ce ke faɗin gaskiya.

Sista Mai Zagaye, ni da za ki ji tawa, da da rajista kika fara, karatun ya biyo baya. Ki zaɓi abu ɗaya wanda ba gardama a kansa kuma kayansa na nan. Gudawar yara ta dace. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa ruwan gishiri da sukari na leda da zink. Adadin da suka sa a lokacin shi ne miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 ga jariri ɗan ƙasa da wata shida. Ki zauna da ma'aikatan asibiti ɗaya bayan layi ya ƙare, a buɗe rajista, a ɗauki yara ashirin na ƙarshe da aka rubuta wa gudawa. Nawa aka ba duka biyun? Nawa aka rubuta wa zink na cikakkun kwanaki? Nawa aka ɗora wa maganin kashe ƙwayoyin cuta alhali babu jini a kashin? Ba ya cin rabin awa. Da muka yi irin wannan a inda na yi aiki, ɗakin shiru ya yi, don mun ga rubutun hannunmu ne, ba na wasu ba. Gani ya kori ji. Ba wanda ya yi wa wani wa'azi, wata mai zuwa muka sake ƙirgawa.

Wannan ƙirgar ba sabon abu ba ne a aikinmu. Florence Nightingale da muke rataya hotonta, da ta je asibitin sojoji a yaƙin Kirimiya a 1854, da alƙaluma ta nuna wa hukuma cewa cuta ta fi raunin yaƙi kashe sojoji. Kuma an gwada ita kanta hanyar. Bitar Cochrane ta 2012 ta tattaro gwaje-gwaje 140 kan ƙirga aikin ma'aikata a mayar musu da sakamako. Ci gaban da aka saba samu ba babba ba ne, kusan kashi 4 cikin 100, don haka kada ki sa ran abin mamaki a wata ɗaya. Amma ya fi tasiri idan shugaba ko abokin aiki ne ya kawo sakamakon, aka maimaita, aka faɗa da baki aka kuma rubuta, sannan aka sa abin da ake son kaiwa da yadda za a kai. Wato daidai kujerar da kike kai.

Maganar manya kuwa, ni ma babba ce, bari in gaya miki sirrinmu. Ba canjin muke ƙi ba, ƙin mu shi ne yarinyar da muka koya wa riƙe sirinji ta zo da waya tana karanta mana a gaban majinyaci. Ki ba babbar biron, ita ta yi ƙirgar, ita ta karanta sakamakon. Idan akwai sabuwar ƙa'ida, ki kai mata ita kaɗai tukuna, ki ce "Anti, kin ga wannan? Yaya kike ganin zai yiwu a nan?" Sau da yawa ita ce za ta gaya miki inda zai cije, kuma za ta yi daidai.

Ni abin da ya fi girgiza ni a shekarun nan shi ne zubar jini bayan haihuwa. Mu ungozoma muna alfahari da idonmu, mu kalli shimfiɗa mu ce wannan bai kai ba. A 2023 aka buga gwajin E-MOTIVE, asibitoci 80 a Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, mata fiye da 200,000. Aka shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mace tana tara jinin, idan ya kai layin sai a yi matakan magani gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba. Inda aka yi haka an gano kusan kashi 93 cikin 100 na masu zubar jini, inda aka bar wa aikin da aka saba kuwa kusan rabi kawai. Mummunan sakamako ya ragu da kashi 60 cikin 100. Rabin da ake rasawa, a gaban ƙwararrun idanu irin nawa suke kwance.

Minti biyar ɗin awon jini kuma, 'yata, ki ajiye kujera biyu. Wadda ke biye ta zauna ta huta a ta biyun yayin da kike kan ta farko. Maɗaurin ne ba ni da dabararsa, wannan na Sista ne.

Sista Mai Zagaye ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri duka. Ƙanwata ta bakin layi, maganar maɗauri ta shiga. Zan bi asibitocin in rubuta wanda ke da babba da wanda ba shi da shi, in kai sama a rubuce. Takardar tuhuma kuma, ba na son kowa ta canza ƙa'ida ita kaɗai. Abin da nake so shi ne idan ta ga saɓani ta rubuto tambayar yadda Malam ya tsara, ni in ɗauka in kai inda ake da ikon canzawa, da sunana a kai.

Hajiya, da gudawa zan fara, a asibiti ɗaya. Amma Malam, ina da ja kaɗan. Yaran nan ba Cochrane suke karantawa ba, WhatsApp suke karantawa. Kullum sai an turo wani saƙo: sabon bincike ya nuna kaza na rage kaza da kashi hamsin. Yanzu kuma an shiga tambayar manhajojin nan masu amsa tambaya. Ko Hajiya da ta ce kashi 60, na san gobe wata za ta ce mini a sayo leda an gama da zubar jini. Yaya zan koya musu su tsaya a kan lamba ba tare da na mayar da su ajin lissafi ba?

Malamin Jinya ya sake amsawa:

Sista, lambar Hajiya ita ce mafi kyawun abin koyarwa, don gaskiya ce. Duk inda aka ce "ya ragu da kashi kaza", su tambaya: daga nawa zuwa nawa? A E-MOTIVE, abin da aka ƙirga shi ne zubar jinin da ya kai lita ɗaya, ko tiyata saboda jini, ko mutuwa saboda shi. Ya faru ga kashi 4.3 cikin 100 a asibitocin da suka ci gaba da yadda suka saba, da kashi 1.6 a waɗanda suka bi sabon tsarin. A ce mata 1,000 sun haihu: 43 a can, 16 a nan, an kuɓutar da 27. Wannan babban abu ne. Amma ki ba su wani misalin na ƙirƙira su gwada: abin da ke samun mutum 2 cikin 10,000 ya koma 1. Shi ma "ya ragu da rabi" ne, alhali sai an yi wa mutum 10,000 kafin ɗaya ya amfana. Idan suka yi wannan lissafin sau biyu da hannunsu, kanun saƙo ba zai sake ruɗarsu ba.

Sai su tambaya me aka yi takamaimai, kuma a ina. Ledar ba ta tsayar da jini, ganowa kawai take yi. Abin da ya biyo baya shi ne murza mahaifa, allurar oksitosin mai sa mahaifa ta matse, maganin tiraneksamik mai rage zubar jini, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba. Kuma a asibitoci masu matsakaicin girma aka yi gwajin, ba a ɗakin da nas ɗaya ke kwana ita kaɗai ba. Wannan bai hana a koyi darasin ba, amma dole a zauna a ga wanne daga matakan ke hannu, oksitosin ɗin ma a sanyi aka ajiye shi ko a kan taga, kuma da wace mota za a tura mace gaba.

Saƙon da ba sunan mujalla, ba shekara, ba a ce a kan mutane nawa aka yi ba, ko aka yi shi a kan ɓera, kada ya wuce wayar da ya shigo. Manhajojin nan kuma suna taimakawa wajen sauƙaƙa Turanci mai nauyi, amma sukan ƙirƙiro sunan takardar da babu ita, da marubuta da shekara, tsaf kamar gaske. A nan PubMed ke da rana: a kwafi sunan takardar a saka, idan bai fito ba a bar maganar.

Nas a Bakin Layi ta ce:

Na ji, kuma kujera biyu zan gwada. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini abin da zan ce wa uwar da ke son allura.

Tsohuwar Ungozoma ta amsa:

Kada ki tsaya a "ba maleriya ba ce", don abin da take ji shi ne "ba abin da zan yi miki". Ki nuna mata abin gwajin a hannunta, ki ce da akwai cutar da layi biyu ne. Sannan ki ci gaba da duba yaron tana kallo. Ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashi minti ɗaya cur da agogo: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 12, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri, ki nemi ciwon huhu. Ki duba kunne da maƙogwaro da fata, ki lanƙwasa wuya. Ki faɗa mata abin da kika gani da abin da ba ki gani ba. Ki ba da maganin sauke zafi idan jikin ya yi zafi sosai, ki sa mata ranar dawowa, kwana biyu zuwa uku idan zazzaɓin bai sauka ba. Ki sa ta maimaita miki alamomin da ba a jira da su: ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Wasu duk da haka za su tafi neman allurar. Ki rubuta a katin cewa gwaji bai nuna ba, da kwanan wata, don duk wanda ya gan shi bayanki ya san an gwada.